Jita Mai Baki Biyu

Akwai wani mai situdiyo a Yelwa, can bayan kasuwar kifi, sunansa Shamsuddeen, amma in kana son ya amsa maka da fara'a sai ka ce Injiniya. 'Yan uwa na wannan shafi, ku ɗan ba ni hankalinku, domin ranar da aka ba ni labarin nan sai da tsikar jikina ta tashi.

Ba zan rage masa komai ba, mutumin ya iya aikinsa. Shekara huɗu ya yi a Kaduna yana koyon ɗaukar sauti, kuma Allah ya ba shi kunne. In fanka na juyawa a shagon maƙwabci, zai tsinto ƙararta a cikin waƙa. Abin haushin shi ne, kunnen nan na jin ƙarfe ne kawai. Da zarar mutum ya buɗe baki zai ba shi shawara, sai kunnen ya toshe.

Makirufo huɗu gare shi. Akwai wani babba mai ruwan zinariya da yake kira Gimbiya, akwatinsa daban, ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Akwai sirara guda biyu masu kama da alƙalami, waɗanda aka yi su musamman don kayan kiɗa irin jita. Sai wani tsoho mai lotsattsen kai da ya rataye a ƙusa can kusurwar ɗaki, don kawai ya riƙa jin abin da mawaƙa ke faɗa in an rufe ƙofa. Wannan shi yake kira Gwangwani. Kullum a kunne yake, kwamfuta tana ɗaukar abin da ya ji, Shamsuddeen kuma yana tura shi wata ma'ajiya da ya sa wa suna Shara.

Wata Talata da hantsi, a farkon damina, wata mata mai suna Hasiya ta shigo tana riƙe da hannun mahaifinta, Baba Illo. Tsoho ne dogo, yanar ido ta rufe idanunsa duka biyu. A bayansa yana rataye da wata tsohuwar jita a cikin buhun shinkafa.

Bari in gaya muku abin da Shamsuddeen bai sani ba, don ku fahimci nauyin abin da ya shigo shagonsa.

An haifi Baba Illo a wani ƙauye, Tungar Cindo, wanda ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse Kainji. Gidajen sun narke tuntuni, amma duwatsun garin da kututturan manyan itatuwansa suna nan a ƙarƙashin ruwa. A farkon damina, lokacin da tafkin ya ja baya, sukan matso har kusa da sama. Jiragen ruwa da ke tashi daga garin Wara zuwa tsallake ba sa bi ta nan, sarari suke bi. Amma in hadari ya ritsa da jirgi a tsakiya, mafaka mafi kusa wani lungu ne a bayan tudu, kuma babu hanyar shiga lungun sai ta kan tsohon garin.

Mahaifin Illo ne ya tsara waƙar hanyar. Waƙar tana kiran sunan kowane dutse da kowane kututture bi da bi. Sai dai kalmomin ba su faɗi ta wane gefe za a wuce ba. Wannan yana cikin ƙwanƙwasa. In an kira suna aka bugi jikin jita da babban yatsa, dum, a bi ta dama. In aka buga da zobe, ƙwas, a bi ta hagu. Haka suka ɓoye abin don kada wani ya haddace baiti ya ce ya san hanya. A gidansu kuma ba a faɗa wa kowa ma'anar bugun sai wanda ke riƙe da injin jirgi, shi ma a kan ruwa.

Wanda ke riƙe da injin yanzu shi ne Ɗanladi, mijin Hasiya. Ya san ma'anar dum da ƙwas, amma bai haddace wanne ke bin wane suna ba, domin sau uku kacal ya taɓa ratsa wurin, kuma Baba Illo na zaune a gaban jirgi. Yanzu ga shi za a kai tsoho Sakkwato aikin ido, zai yi makonni ba ya hawa ruwa, kuma ga damina ta kama. Shi ya sa suka zo a ɗauki waƙar a sa wa Ɗanladi a waya.

Hasiya ta ce, "Malam, waƙar Baba muka son a ɗauka, yau-yau. Mota na jiranmu bayan azahar."

Shamsuddeen ya dubi buhun shinkafar, ya dubi wasu samari mawaƙa da ke zaune a benci, suka yi 'yar dariya tare. Ya ce, "To Baba, yi ta sau ɗaya in ji abin da muke ciki."

Baba Illo ya zauna ya fara. Muryarsa ta tsufa amma ba ta rawa. Ya yi bisimilla, ya gai da iyaye da kakanni, sannan ya shiga kiran sunaye. Dutsen Wanki, dum. Tsamiyar Maƙera, ƙwas.

Shamsuddeen na tsaye a kansa yana gyara sandar makirufo, fuska a yamutse. Kowace ƙwanƙwasa kamar a ransa ake yin ta. Ya fara da tsaki, daga nan ya koma magana. Tsoho bai kula shi ba, ya ci gaba. Da ya kai suna na ƙarshe, haƙurin Injiniya ya ƙare, ya daka masa tsawa ya tsayar da shi.

Baba Illo ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiya, ya ce a hankali, "Ɗana, jitar ga baki biyu gare ta. Tsirkiya na magana, icce na magana. Duka biyun nika son ka ɗauka."

"Baba, shekara nawa ka yi kana ɗaukar sauti?"

"Ban taɓa ba."

"To ka bar mini aikina."

Hasiya ta haɗiye abin da ya taso mata. Ta so ta faɗi dalili, amma ga samari a benci sun baza kunne, kuma maganar ba tata ba ce. Ta ce, "Malam, don Allah dai a bar ƙwanƙwasar. Tana da muhimmanci ƙwarai. Waɗancan sirara da ka aje, ba su za a sa gaban jitar ba?"

Wallahi ta faɗi daidai, kuma shi ma ya san ta faɗi daidai. Da ya ɗauki siriri ɗaya ya tsayar kamar kamu guda daga jitar, da ya ji tsirkiya ya ji itace. Amma yaya za a yi matar masunta ta zaɓar wa Injiniya makirufo a gaban yaransa?

Sai ya buɗe aljihun tebur ya fito da wani ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin ramin jita. Shi wannan babu abin da yake ji a duniya sai motsin tsirkiyar ƙarfe. Ya maƙala shi, ya yi murmushi, ya ce, "Shi ke nan Baba, bugi abinka yadda kake so."

Tsoho ya ji daɗi, ya zaci an saurare shi. Ya kaɗa jitar daga farko har ƙarshe, kowane dum da kowane ƙwas a gurbinsa. Daga nan aka karɓe jitar, aka tsayar da shi gaban Gimbiya ya rera baitocin shi kaɗai.

Da za su tafi Hasiya ta roƙi a kunna musu su ji. Ya ce sai ya gyara tukuna, aikin ƙwararru ba a cinsa ɗanye. Ta sake tambaya, "Amma ƙwanƙwasar za ta hito?"

Ya ce, "Komai zai fito, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki."

Ƙarya ya yi mata, ido cikin ido. Bayan sun tafi ma sai da ya bi ɗan burbushin bugun da ya saura ya goge shi tas. Waƙa ta fito garau, har ya kira maƙwabta su zo su ji yadda ake mayar da kiɗan ƙauye ya zama na birni.

Ranar Asabar aka yi sunan ɗan ƙanwarsa Nafisa, wadda ke aure a tsallake. Shamsuddeen ya ɗauki mahaifiyarsa, Inna Delu, suka nufi Wara. Ya ɗauko kwamfutarsa da ƙaramar lasifika mai batir don taron, ya kuma ɗauko Gimbiya, ba don ana buƙatarta ba sai don dangin miji su gani.

A bakin ruwa suka sami jirgin Ɗanladi ana lodi. Mutum wajen talatin, mafi yawa mata, ga buhunan gero, ga babur an kwantar a tsakiya. Shamsuddeen ya tura masa waƙar ta waya. Ɗanladi ya kara a kunne, ya ji bisimilla da gaisuwar iyaye sun fito sarai kamar tsohon na gabansa. Ana ta kiransa a kan lodi, sai ya kashe ya sa a aljihu.

"Kai, Injiniya, Allah shi saka. Muryar Baba ta hito kamar ta rediyo."

Shamsuddeen ya gyara hula ya ce, "Ai aikin ke nan."

Sun yi kusan rabin tafiya lokacin da iska ta canza. Gabas ta yi baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci. Ruwan da yake kwance ya fara tashi yana marin gefen jirgi, hira ta mutu, wata mata ta jawo jaririnta ta rufe da mayafi. Ɗanladi ya dubi gaba, ya dubi baya, duka biyun sun yi nisa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kowa shi zamna inda shike! Za mu shiga lungu."

Ya karkata jirgin wajen tudu. Can gaba wani busasshen itacen giginya na tsaye a cikin ruwa, shi ne ƙofar Tungar Cindo. Da suka zo daidai da shi ya rage wuta, ya ciro wayar, ya wuce gaisuwa, ya danna ta a kunnensa.

Muryar Baba Illo ta ce, Dutsen Wanki.

Ɗanladi ya jira. Tsirkiya na ta zuba, mai daɗi, mai tsabta. Babu dum, babu ƙwas.

Ya mayar baya ya sake saurare. Babu. A gabansa yana ganin inda ruwa ke murɗawa a kan dutsen, amma ruwa ba ya faɗa maka wane gefe ne mai zurfi, wane gefe ne dutsen ya miƙe a ɓoye. Iska na tura su, babu halin tsayawa. Ya yi bisimilla ya bi ta hagu.

Ƙarar da cikin jirgin ya yi, waɗanda suka ji ta sun ce har yau ba ta bar kunnensu ba. Jirgin ya dangana, ya goge dutse, ya zame ya wuce. Katako ɗaya ya tsage, ruwa ya fara tsartuwa a ƙarƙashin babur. Salati ya kaure ko'ina.

Ɗanladi ya juyo, idanunsa jajir. "Injiniya! Ina ƙwanƙwasar?"

"Wace ƙwanƙwasa?"

"Ta jikin jita! Ina ka kai ta?"

Shamsuddeen ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ai hayaniya ce. Na cire ta."

Ɗanladi ya dube shi kamar bai ji Hausar ba. Sannan ya yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan Illo, ya faɗi sirrin a gaban mutum talatin. "Ita ta hanyar! Babban yatsa dama, zobe hagu. Saura huɗu gabanmu, kuma ban san ko guda ba. Hanya ka goge, bawan Allah!"

Wani ya gwada kiran Hasiya don a tambayi Baba Illo, babu sabis ko ɗigo. Ruwan sama ya sauko. Maza suka fara tura buhunan gero cikin tafki, mata na kwashe ruwa da kwanonin abinci. Wata 'yar kasuwa ta rarumo akwatin Gimbiya, ta buɗe ta juye abin da ke ciki a ƙasan jirgi, ta ci gaba da kwasar ruwa da shi. Shamsuddeen na kallo makirufon da ko matarsa ba ta taɓawa yana birgima cikin ruwan laka, bai ko miƙa hannu ba.

Inna Delu yake kallo. Tsohuwar ba ta iya iyo ba, ba ta ma son ruwa, don jikanta kawai ta hau. Ruwa ya kai mata idon sawu, tana riƙe da gefen jirgi da hannu biyu, leɓunanta na motsi. Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi, domin ya gane in tsohuwar nan ta nutse, da hannunsa ya nutsar da ita, a kan kujerarsa, ranar Talata.

A nan ne Allah ya tuna masa da Gwangwani.

Lokacin da tsoho ya yi gwajin farko, da murya da jita tare, Gwangwani na rataye a ƙusa yana ji. Shamsuddeen ya fizgo jakarsa ya buɗe kwamfuta a kan gwiwa. Ruwa na dukan gilashin. Inna Delu ta saki gefen jirgi, ta cire mayafinta ta baza a kansa da kwamfutar, ta riƙe da hannu biyu.

Ya shiga Shara. Fayil sun fi ɗari, duk da kwanan wata. Ya nemo na Talata, ya jona lasifika, ya ƙure ƙara, ya manna kunnensa a jikinta.

Sautin ya fito da amsa-kuwwar ɗaki, da ƙarar janareta, da tarin wani a benci. Amma ga muryar Baba Illo, ga tsirkiya, ga itace. Dutsen Wanki, dum. Ashe dama ce.

Ya wuce gaba. Tsamiyar Maƙera. Ya runtse ido, ya tattara duk kunnen da Allah ya ba shi. Ƙwas.

"Zobe!" ya yi ihu. "Hagu!"

Ɗanladi ya murɗa hannun inji. Wani baƙin kututture ya leƙo tsakanin igiyoyin ruwa a damansu, kusa har mutum zai iya taɓa shi, ya wuce.

Sai wata murya ta fito daga lasifikar, ba ta tsoho ba. Kowa a jirgin ya ji ta, domin ta fi waƙar ƙarfi.

"Mtsss. Wannan ƙauyanci dai."

Muryarsa ce. Bai ɗago ba, amma ya ji hannun Inna ya ɗan motsa a kan mayafin.

Tagwayen Duwatsu. Dum.

"Babban yatsa! Dama!"

Suka wuce. Lasifikar ta sake cewa, "Baba, jita kake kaɗawa ko ƙofar gidan wani kake bugawa?" Har da dariyar samarin benci, ta fito sarai a tsakiyar tafki, mutane na kwasar ruwa don ceton ransu. Babu wanda ya ce masa komai. Ni a ganina da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Maɗacin Liman. Dum. Dama. Suka wuce, amma jirgin ya yi nauyi, ruwa ya kai ƙwauri. Bakin lungun na gabansu, ana hango ciyawar tudu tana kwantawa. Saura ɗaya.

Ɗanladi ya ce, "Wagga ita ta mugunyar! Kirya ta, ba ta ruɓewa. Ka ji da kyau!"

Muryar tsoho ta ja sunan a hankali. Kiryar Barakatu.

Kafin bugun ya fito fili, tsawar Shamsuddeen daga lasifikar ta rufe shi.

"Tsaya, tsaya! Haba Baba! Wannan zoben naka ya ishe ni, ka zo ka ɓata mini aiki da rana tsaka!"

Daga nan waƙar ta yanke.

Shamsuddeen ya mayar baya. Tsawar tasa ta sake danne bugun. Ya sake mayarwa, haka. Duk ƙwarewarsa bai iya jin abin da ke ƙarƙashin muryarsa ba. Ruwa na murɗawa a gabansu, bai fi tsawon jirgi uku ba.

"Injiniya! Wanne?"

"Ban ji ba! Maganata ta rufe shi!"

Sai Inna Delu ta sunkuyo ƙarƙashin mayafin, fuskarta dab da tasa, ta ce, "Zobe kac ce mai. Da bakinka kac ce zobe."

Nan take ya tuna. Ƙarar zoben ce a kan wannan sunan ta soki kunnensa har ya fashe da faɗa.

"Hagu! Ɗanladi, hagu!"

Jirgin ya kwanta gefe har ruwa ya leƙo ta baki. Wani abu ya goge su ta dama, dogon gogewa mai sa haƙori tsami, sannan ya sake su. Iska ta ragu kamar an rufe ƙofa. Sun shiga bayan tudu. Ɗanladi ya tura jirgin har cikinsa ya hau yashi, ya kashe inji, ya kifa kansa a kan gwiwa.

Babu wanda ya rasa ransa. An yi asarar gero, Gimbiya kuma ta sha ruwa ta mutu, ba ta sake magana ba.

Mutane suka fita suna ta hamdala, wasu na kuka. Shamsuddeen ya kama hannun Inna ya sauko da ita kan yashi. Ta tsaya tana matse mayafinta, ba ta dube shi ba. Ya ce, "Inna, sannu."

Ta ce, "Ni na haihe ka, Shamsu. Amma wagga murya da nij ji cikin akwatin ga, ban san mai ita ba. Tsohon ga sa'an ubanka na."

Ba ta ƙara ba. Har aka gama suna aka dawo Yelwa ba ta sake tayar da maganar ba, kuma shirun nata ya fi komai ci masa rai.

Bayan mako uku aka dawo da Baba Illo gida, ido ɗaya a buɗe, ɗaya da bandeji. Washegari da safe Shamsuddeen ya ɗaure kayansa a babur ya tafi Wara. Ya same shi zaune a kan tabarma ƙarƙashin wata bishiya a bakin ruwa, Hasiya na gefe tana gyaran kifi. Da ta gan shi ta ɗauke kai, kuma ba ta yi laifi ba.

Ya cire takalmi ya durƙusa. "Baba, na zo neman gafara. Ka gaya mini, ban ji ba. Hajiya ta roƙe ni, na yi mata ƙarya. Na kusa kashe mutum talatin har da mahaifiyata."

Tsoho ya daɗe yana dubansa da sabon idonsa. Ya ce, "Ashe haka kake. Rannan muryarka kaɗai nis sani." Ya gyara zama. "Ɗanladi ya ba ni labari. Na yahe maka. Ni ma ina da nawa, da na buɗe baki na hwaɗa maka dalili, da ba a kai nan ba. Mun riƙe abin ga kamar gadon gona, alhali ran mutane na ciki. Yanzu tunda ya hita, a ɗauke shi da kyau, a ba duk mai jirgi a Wara."

Shamsuddeen ya buɗe jaka. Ya fito da sirara biyun, ya fito da Gwangwani, ya jera su a kan tabarma. Sannan ya yi tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba tun da ya buɗe situdiyo.

"Baba, wanne zan ɗauka, kuma a ina zan sa shi?"

Baba Illo ya jawo jitar daga buhun shinkafa ya ɗora a cinya. Ya ce, "Ni ban san ƙarafunanka ba, ɗana. Aje su tukuna. Matso da kunnenka."

Ya fara kaɗawa. Shamsuddeen ya rarrafa a gwiwa yana kai kunnensa wajen wuyan jitar, ya sauko wajen ramin, ya ja baya kaɗan, ya koma gefe. Masunta da ke gyaran koma suka tsaya suna kallon Injiniya na rarrafe a kan yashi. Bai damu ba. Can, kamar kamu guda daga inda wuyan ya haɗu da jiki, ya tsaya cak. Tsirkiya na nan, dum na nan, ƙwas na nan, kowanne a fili.

"Nan ne, Baba."

"To nan za ka sa shi."

Ya tsayar da siriri ɗaya a wurin, ɗayan ya daidaita shi da bakin tsoho. Gwangwani kuma ya rataye shi a reshen bishiya, ya kunna. Hasiya ta ajiye wuƙarta ta matso. Baba Illo ya gyara zobensa, ya yi bisimilla, kuma tun daga Dutsen Wanki har Kiryar Barakatu ba a ji muryar kowa ba sai tasa.

Darasi: Iya aiki ba ya hana ka tambayar mai abu me yake nufi da abinsa. Abin da ka kira hayaniya a maganar wani, wataƙila shi ne gaba ɗayan saƙon, kuma ba ka san ranar da ranka ko na wanda ka fi so zai rataya a kansa ba. Ka fara sa kunne kafin ka sa hannu, kada ka ce "na ji" alhali ba ka saurara ba, kuma ka kula da yadda kake magana da manya, domin wata rana za a iya kunna maka muryarka a gaban mahaifiyarka. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani mai sana'a da ka sani, ko ga abokin nan naka da ba a gama magana yake cewa ya gane.